Ranakun da Hajiya Babba Ta Haɗiye

A ƙaramin asibitin da nake aikin sa kai a cikin garin Katsina, ba mai kiran kwamfutata da sunan kwamfuta. Hajiya Babba ake ce mata. Sista ce ta raɗa mata sunan, wai tunda take ba ta taɓa ganin abin da ake lallashi haka kafin ya tashi da safe ba, in ka cire uwar mijinta.

Kuma da gaskiyarta. Ga yadda ake tada Hajiya. Ka ɗora ta a kan guntayen katako biyu don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ka jona caja, ka lanƙwasa wayar zuwa hagu dab da bakin ramin, ka danne ta da abin huda takarda, don in ta motsa ko yaya ne wuta ta yanke. Batir ya daɗe da mutuwa, saboda haka yankewar wuta a wurinta ɗaukewar numfashi ce nan take, ba sallama. Sai ka danna madanni, ka yi bisimilla, ka jira. Fanka za ta fara kuka kamar injin markaɗe. In ta ga dama, kafin ka gama gaisawa da mutanen wurin ta buɗe. In ba ta ga dama ba, ka zare caja ka sake sabon lale. Na ƙarshe kuwa, ka dubi agogon da ke kusurwar ƙasa ta hannun dama, ka gyara kwanan wata da hannunka. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na manta sau biyu a damanar 2023, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan labari.

Na saye ta a ƙarshen 2019, bayan na gama difloma. Inna ce ta sayar da tunkiyarta da ɗan ragon da take turke, ta haɗa mini naira dubu 45, na hau mota zuwa Kano. Mai shagon ya shafa murfinta ya ce, "Wannan 'yar Landan ce, wata baturiya ce ta riƙe ta, ko wata shida ba ta yi ba." Kowace tokumbo a bakin mai sayarwa baturiya ce ta riƙe ta, ba a taɓa samun wadda ta fito daga hannun ɗan makarantar da ke cin abinci a kanta ba. Na san araha ba ta ado, amma iyakar abin da ke aljihuna ke nan. Burina a lokacin in kama ɗan shago kusa da wata makaranta, in riƙa buga wa ɗalibai takardu ina yi musu rajistar jarabawa. Ban kai ga biyan kuɗin haya ba korona ta shigo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, burin ya bi ruwa.

Abin da na samu shi ne aiki a wani gidan ruwan leda da ke bayan gari. Duti biyu ne, na rana da na dare, bakwai zuwa bakwai, ana juyawa mako-mako. Dare ya fi aiki, saboda wuta ta fi zama in dare ya raba, maigidan wurin kuma ba ya ƙaunar jin kukan janareta, don ya san dizal ɗinsa ne ke ƙonewa. Ni tsaron inji nake yi. In sa naɗin leda, in lura da zafin ƙarfen da ke liƙe baki, domin in ya yi sanyi ruwa ya riƙa yoyo, in ya zarce leda ta ƙone. Samari na zaune a ƙasa suna ƙirga ashirin-ashirin suna zubawa a jaka, ni kuma ina rubuta yawan jakunkuna a littafi.

Wanda bai taɓa dutin dare ba yana zaton barcin rana ramuwa ne. Ya zo unguwarmu ya gwada a watan Afrilu, ɗaki ya ɗauki zafi kamar tanda, injin niƙan maƙwabta na kuka, almajirai na bara a bakin ƙofa, mai tallan awara ba ta wucewa sai ta yi kira uku. Ka tashi la'asar kai ya yi nauyi kamar an cusa maka auduga. Kuma ranar da jiki ya fara sabawa, ranar ake mayar da kai dutin safe.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda 'yan bindiga, har da Batsari, inda ƙanwata ke aure a wani ƙauye. Muka yi makonni ba labarinta. Inna ta daina cin abincin kirki. Rannan da yamma sai ga ta a ƙofar gida da ƙunshin kaya da yara uku, ƙaramin a goye, wata goma sha huɗu da haihuwa. Da ta sauke shi, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa a kumbure, ba ya kuka ba ya dariya. Inna ta ce shawara ce, a jiƙa masa magani. Wata maƙwabciyarmu da ta taɓa gani ta ce a'a, tamowa ce, ciwon rashin abinci mai gina jiki, gobe da sassafe a kai shi asibiti.

Ni na kai su a babur. A nan na fara ganin abin da ya zama aikina daga baya. Sista ta ɗora manyan yatsunta a bayan ƙafafunsa ta danna, ta ƙirga uku, ta ɗaga, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ta ɗauko ɗan ma'aunin nan mai launi uku ta zagaya dantsensa na hagu. Ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa daga nan zuwa 12.5, kore kuma lafiya. Nasa ja ne. Aka yaga masa ledar abincin tamowa, wannan mai kama da tunkuza da ake haɗawa da gyaɗa da madarar gari da sukari da mai, aka ce uwar ta ba shi a gani ko zai ci. Ya ci. Aka ba su na mako guda, aka ce su dawo. A shekarar ne ma ƙungiyar likitocin agajin nan ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta fara aikin tamowa a Katsina, abin ya kai haka. Namu wurin ba nasu ba ne, ɗan asibitin unguwa ne mai ɗakuna kaɗan da rumfar kwano da bedi guda a tsakar fili.

Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, yanzu shi ne ke hana mu sakat a gida. Amma a zuwan da nake yi da su kowane mako, abin da ya tsaya mini a rai shi ne neman suna. Mace za ta zo ta ce katinta ya ɓata, ko ruwa ya jiƙa shi, ko akuya ta cinye. Sista ta jawo rajista ta ɗaya ta bi layi-layi da yatsa, ta jawo ta biyu, ga mata sama da hamsin a rumfa, yara na ta kuka. Sai na ji bakina ya ce, "Sista, ni fa ina da kwamfuta." Bakin nan shi ya ja mini.

Na buɗe jadawali a Excel, manhajar nan ta jera bayanai da lissafi: sunan yaro, sunan uwa, unguwa ko ƙauye, watanni, nauyi, awon dantse, yawan ledar da aka bayar, da kwanan wata. Litinin da Alhamis ne ranakun tamowa. A makon dutin rana nakan roƙi abokin aikina mu yi musaya, in biya shi da Lahadina. A makon dare kuwa ba roƙo, daga gidan ruwa nake miƙewa. In tashi bakwai, in tsaya wurin mai koko da ƙosai, takwas ina asibiti ina lallashin Hajiya, sai bayan azahar in koma gida in kwanta abin da ya samu, bakwai na yamma in koma kan inji. Matata takan ce, "Yallaɓai, a asibitin nan har yau ba wanda ya gane kai ma mara lafiya ne?"

Bari in faɗi wata gaskiya da 'yan sa kai ba mu cika faɗa ba. Lada muke nema, ba shakka, kuma ni dai na san alherin da aka yi wa ɗan ƙanwata ne ya zaunar da ni a kujerar nan. Amma duk ɗan sa kai mai takarda a hannu da ya ce maka lada kaɗai ta kawo shi, rabin zancen ya gaya maka. Kowannenmu kunnensa a buɗe yake, ko wata ƙungiya za ta zo ta ce tana neman ma'aikata, a ce ai ga wane nan ya daɗe da mu. Shi ya sa ba ka cewa ka gaji, ba ka cewa ba ka iyawa, kuma ba ka cewa kayan aikinka sun lalace. Kwamfutata ce, fetur ɗina ne, datar wayata ce, amma ban taɓa buɗe baki na ce a taimaka da kuɗin gyara ba, don kada a ce ɗan sa kai ya fara lissafi.

Ita kuwa Hajiya ba ta fasa nuna hali ba. Wata rana cikin hunturu harafin "a" ya mutu. Da "q" ne ko "x", da har yau ban sani ba. Amma "a", a ƙasar Hausa! Hadiza biyu ne, Sa'adatu uku, in kuwa matar daga Batagarawa ta zo, biyar ke nan a sunan garin kaɗai. Dabarar da na yi ita ce in kwafi harafin daga wani tsohon layi, duk inda ake bukatarsa in danna Ctrl da V. Na yi sama da wata guda a haka, har yatsuna suka saba, ranar da na samu wani tsohon kibod na jonawa sai na riƙa neman V duk sanda zan rubuta Amina. Da bazara kuma zafi ne. Ana tsakiyar layi sai ta ɗauke, fuska ta yi baƙi, matan da ke gaba su ce, "Hajiya ta yi fushi." Wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta taɓa tsayawa tana yi mata fifita da murfin kwano, da zuciya ɗaya.

Na kai ta wurin wani yaro mai gyara da kowa ke ce wa Injiniya. Ya kwance ta, ya zaro wani curin ƙura daga bakin fanka kamar audugar tsohuwar katifa, ya ɗaga ya nuna wa maƙwabtansa. Zafin ya ragu. Sai dai wurin mayarwa ya karya mariƙin murfi na gefe guda, gyaran gangar Auzinawa, tun daga ranar sai an jingina murfin da katan. Shi ne kuma ya nuna mini wani ɗan batir mai kamar kwabo, a naɗe cikin baƙar leda da siririyar waya biyu. Ya ce, "Oga, wannan ne ke riƙe agogo in an kashe kwamfuta. Ya mutu. Ga babban batir ma ya mutu. Shi ya sa duk sanda ka zare caja take komawa shekarar da ta ga dama. Irin mai wayar nan babu a hannuna, sai na aika titin Beirut a Kano." Na ce to, sai ƙarshen wata.

Ƙarshen watan bai zo ba. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Zuwa asibiti da komawa ya zama abin lissafi. Duk abin da ba ciwo ba ne ko abinci sai na tura shi gaba. Na ce ai gyara agogo da hannu ba ya cin minti guda. Wayata ma ban cika jona mata ba balle ta gyara kanta daga intanet, don data ta yi tsada.

Watan Agusta shi ne ganiyar aikin tamowa. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun sako yara gaba. Rumfa takan cika har a zauna a gindin bedi. A makon da abin ya faru ina dutin dare, abokin aikina kuma zazzaɓi ya kwantar da shi, sai ya zama wasu ranakun ina shiga tun biyar na yamma. Litinin da Alhamis ɗin makon nan na yi su ne kamar a mafarki. Na tuna wata mata ta faɗa mini sunan ɗanta sau uku ina kallon bakinta. Akwai gajerar hanya a Excel, in ka danna Ctrl da alamar waƙafi mai ɗigo, sai ta sa maka kwanan watan ranar. Ba ta tambayar kowa, agogon kwamfuta take dubawa. Ni kuma ban duba shi ba.

Da wata ya ƙare na fitar da jimla kamar yadda na saba, na tace layukan Agusta, na rubuta adadi a fom, Sista ta sa hannu. Tun da kwamfuta ta zo, an daina ƙirga rajistar takarda da hannu. Ana dai cike ta, amma ba mai komawa kanta.

Ran wata Alhamis a farkon Satumba mai duba aiki ya zo daga ofis. Ya ɗora fom ɗina kusa da littafin sito, ya daɗe yana danna kalkuleta. Katan ɗaya leda 150 ne. Abin da ya fita daga sito ya ɗara abin da yaran da ke fom ɗina za su ci da kusan katan 10.

Mai riƙe da sito wani dattijo ne da muke ce wa Baba. Ya girmi kowa a wurin. Makullan a wuyansa suke, a jikin wata igiya, ƙarƙashin riga, ko alwala zai yi ba ya cirewa. Yana rubuta littafinsa da jan biro da shuɗi, a hankali, harshe a ɗan waje. Ni "ɗana" yake ce mini tun ranar da na fara, in ya ga idona ya yi ja ya ɓallo mini goro daga aljihu. Kowa a garin nan ya san ana ganin abincin tamowa a wasu shaguna da bakin kasuwa, alhali an rubuta a jiki ba na sayarwa ba ne. Saboda haka da aka ce katan goma ba a gan su ba, ba sai an faɗi inda zato ya tafi ba.

Mai duba aikin bai ce ɓarawo ba, mutum ne mai ladabi. Cewa ya yi, "Baba, a daure a tuna." Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da na fidda shi na rubuta." Aka kira ni aka ce ko akwai kuskure a lissafina. Na ce kwamfuta ba ta kuskuren lissafi. Haka na faɗa, da ƙarfin gwiwa, a gaban kowa. Aka ce Baba ya miƙa wa Sista makullai kafin a gama bincike. Ya sa hannu cikin riga, ya zaro igiyar ta kansa, hular ta faɗi ƙasa. Wani yaro ya ɗauko masa. Ya je ya zauna a benci a gindin bedi har aka tashi.

Washegari Juma'a, da dare, ina gidan ruwa. Wuta ta zauna, inji na tafiya daidai, sai na jona Hajiya a soket ɗin ofis don in shirya jadawalin sabon wata. Na ce bari in jera layukan gaba ɗaya daga mafi tsufa. Sai ga wasu sun hau can sama, sama da ranar da na fara aikin ma. Dukkansu 1 ga Janairun 2012, shekarar da ba a haifi ko ɗaya daga cikin yaran nan ba. Na ƙirga, layi 94. Na tara ledojin da ke gabansu, na raba da 150. Sai na ji gumi na bin bayana, alhali ruwan sama ake yi a waje. Ban san inji ya fara zubar da leda a buɗe ba sai da samari suka yi ihu.

Nan ne wurin da nake jin kunyar faɗa. Da na kira Sista a daren, ko da asuba, da labarin ya zama na kwamfuta mai matsala kawai. Ban kira ba. A makonnin nan ana ta raɗe-raɗin wata ƙungiya za ta ɗauki masu shigar da bayanai, an ce Sista ta miƙa sunana. Na zauna ina saƙa da warwara. In na gyara kwanakin shiru, fom ya riga ya tafi. In na faɗa, ni ne wanda ya tsaya a gaban jama'a ya ce kwamfuta ba ta kuskure. Har na fara raya wa kaina cewa ai ba korar Baba aka yi ba, bincike ne, wataƙila abin ya bi iska. Na kuma san Sista ta ce in ta samu sarari za ta zauna ta ƙirga rajistar takarda, kuma ba zan ɓoye ba, tsoron wannan ma yana cikin abin da ya riƙa sukata.

Asabar ta wuce. Ran Lahadi matata ta ajiye mini tuwo ta dawo ta same shi yadda ta bar shi. Ta zauna a bakin katifa ta ce, "Mi ka yi?" Ba ta ce me ya faru ba. Na gaya mata duka. Ta yi shiru tana murza bakin zane, can ta ce, "Kai kana tsoron rasa aikin da ba a ba ka ba. Shi kuwa an amshe mashi wanda ke wuyanshi." Ta ɗauki tuwon ta fita.

Litinin tun kafin mata su taru na sami Sista a ofis, na buɗe mata jadawalin. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Ta jawo rajistar Agusta ta ce in karanto suna tana nema. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, 94 cif, kowanne ga shi a takarda da ainihin ranarsa. Ta kira mai duba aiki a waya a gabana, ta yi masa bayani, ba ta ƙara gishiri ba kuma ba ta rufa mini ba. Da ta ajiye wayar ta ce, "Ƙanena, daga yau in ka kwana a wurin aiki kada in gan ka a nan. Kuma yaushe ka gano?" Na gaya mata. Ta buɗe durowa ta ɗauko igiyar makullan ta ajiye a gabana. "Kai za ka kai mashi."

Baba bai zo aiki ba ranar. Bayan la'asar na nemi gidansa a can cikin gari, lungun da babur ba ya shiga sai an tura. Na yi sallama, ya fito zaure, ya shimfiɗa mini tabarma. Na durƙusa a gefenta na ajiye makullan, na faɗi abin da ya faru tun daga ɗan batir har zuwa layi 94. Ban tabbata ya bi zancen batirin ba. Ya ɗauki igiyar yana jujjuyawa a hannu, sai ya yi mini tambayar da Sista ta yi. A nan ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don ba wanda zai ƙaryata ni in na ce yau da safe. Na ce, "Ran Juma'a da dare, Baba."

Ya naɗe yatsu. "Asabar. Lahadi. Yau Litinin." Ya ɗan yi shiru. "Kwana ukun nan a gida nike salla. Magana ta riga ni isowa unguwa." Na ce ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya sa igiyar a wuya, ya tura ta cikin riga, ya raka ni har bakin lungu kamar yadda ake raka baƙo.

A makon na koma wurin Injiniya. Ya ce ba sai an jira Kano ba ma, ya aiki yaronsa wurin mai gyaran agogo aka sayo batir irin na kwabo, CR2032, ya feɗe tsohon, ya haɗa wayoyin da sabon, ya naɗe da baƙin salatif. Ko minti goma sha biyar bai yi ba. Abin da na biya bai kai kuɗin lita biyu na fetur ba. Na tsaya a bakin shagon da canji a hannu na rasa abin da zan ce.

Sunayen waɗanda ƙungiyar ta ɗauka sun fito daga baya, babu nawa, ban kuma tambayi dalili ba. Ina nan a gidan ruwa, bakwai zuwa bakwai. A asibiti kuwa na koya wa wata ɗaliba da ke sanin makamar aiki yadda ake cike jadawalin, ita ke zama a makon da nake dare, har ta fi ni iya lanƙwasa wayar caja. Kowane ƙarshen wata ana ƙirga rajistar takarda da hannu kafin a taɓa fom, Sista da kanta ke zama. Na kuma koyi cewa "ba zan samu zuwa ba" ba tare da na ƙirƙiro rasuwa a dangi ba.

Baba ya ci gaba da riƙon sitonsa. Muna gaisawa lafiya lau, ya tambayi iyali in tambayi jikoki, ranar sunan 'yata ma ya zo har gida. Sai dai tun daga zauren nan bai sake ce mini "ɗana" ba, Malam yake cewa, goron ma ya tsaya. Kuma duk ranar tamowa da nake nan, kafin ya buɗe sito, yakan zo da littafinsa a hammata ya tsaya a bakin teburina har fanka ta gama kukanta, fuska ta kawo haske. Sai ya ɗan sunkuyo ya ce, "Malam, yau nawa ga wata a wurin Hajiya?"